Yumɓun wata rijiya a New Jersey da gardamar ruwan sama na shekara miliyan 56 da suka wuce

Wurin da abin da aka tarar

A ƙarshen shekarar 1996 aka haƙa wata rijiyar bincike a cikin wani gandun daji da ke kudancin jihar New Jersey a Amurka, ƙarƙashin shirin haƙa na ƙasa da ƙasa da ake kira ODP. Ba ruwa ake nema ba, ba kuma mai ba. Abin da ake so shi ne a ciro ƙasar wurin sanda-sanda, tun daga sama har zuwa zurfin kusan mita 600, a jera ta a akwatuna yadda ta kwanta, domin yankin ya daɗe yana ƙarƙashin teku, kuma duk lakar da koguna suka zuba a wannan tekun tana nan shimfiɗa bisa shimfiɗa.

A wajen zurfin mita 357 sandar ta canza kama. Daga nan zuwa ƙasa laka ce gauraye da koren yashi, irin wanda yake taruwa a hankali a tekun da koguna ba sa kawo masa kaya da yawa. Daga nan zuwa sama kuwa, tsawon kusan mita goma, sai yumɓu mai laushi, yashi ya kusan ɓacewa. An san wannan shimfiɗa a jihar Maryland da sunan yumɓun Marlboro, inda take fitowa fili, kuma magina a can sun san ta da zamewa idan ta sha ruwa a gangare.

Shekarun shimfiɗar sun kai kimanin miliyan 56. Ta kwanta daidai kan iyakar zamunna biyu, Faliyosin da Iyosin, lokacin da duniya ta yi wani ɗumama na gaggawa da masana suke taƙaita sunansa da PETM. Zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 8, abin ya ɗauki shekara 170,000 zuwa 200,000 kafin ya lafa. Tambayar da yumɓun ya tayar ita ce: a wannan zafin, wane irin ruwan sama aka yi a gabashin Amurka?

Ƙa'idar da aka zo da ita, 1965 zuwa 1991

Yumɓu ba iri ɗaya ba ne. Duk inda dutse ya ruɓe, ma'adinin yumɓun da yake bari ya danganta da yawan ruwan da ya ratsa shi da zafin wurin. A ƙasa mai sanyi ko busasshiya, inda dutse yake farfashewa ba tare da ya narke sosai ba, ilait da kilorait ne suka fi yawa. Inda ake damina da rani, ruwa kuma yana kwanciya, simektait ne yake samuwa. Shi ne yake cikin baƙar lakar firki ta Borno, wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani. Inda kuwa ake zafi da ruwa mai yawa da ke wanke ƙasa shekara da shekaru, ruwan yakan kwashe sodiyom da kalsiyom da fotasiyom da wani kaso na silika, ya bar kawolinait, farar ƙasar nan da ake haƙa a Ƙanƙara da Alƙaleri.

A 1965 Pierre Biscaye ya auna lakar ƙasan tekun Atilantika, ya nuna kawolinait ya fi yawa a tsakiyar duniya inda ake zafi, kilorait kuma ya fi yawa a wajen ƙanƙara. Daga nan aka ɗauki ƙa'idar a juye: idan ka ga kawolinait ya yawaita a tsohuwar laka, to an yi zafi da ruwa a tudun da lakar ta fito.

A 1991 James Kennett da Lowell Stott suka bayyana ɗumamar PETM ɗin kanta, daga wata rijiya da aka haƙa a tekun da ke kusa da Antatika. Sun ga ma'aunin aisotof na kabon da na oksijin, wato kason nau'i mai nauyi a kan mara nauyi na kowannensu, a ɓawon foraminifera, wasu ƙananan halittun teku, ya faɗi farat ɗaya, daidai inda halittun ƙasan teku da yawa suka ƙare. Wannan faɗuwar ta kabon ita ce ta zama alamar da ake gane farkon lamarin da ita a kowace rijiya a duniya.

Karatu na farko, 1993 zuwa 1999

Tun kafin a haƙa rijiyar tamu, a 1993, Thomas Gibson na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa sun ba da labarin hauhawar kawolinait a wata rijiya da ke kudu maso yammacin jihar, a daidai wannan iyakar. Shekara guda bayan nan Christian Robert da Kennett suka ga irin haka a rijiyar Antatika, suka fassara shi da cewa nahiyar ta shiga wani lokaci na ɗumi da laima. Sai rahotanni suka yi ta zuwa daga Sifen, da Masar, da tekun Arewa, da New Zealand.

Aikin da ake yi wa irin wannan laka a ɗakin gwaji sananne ne. Ana narkar da alli da ruwan asid mai sauƙi, a wanke, a kaɗa lakar cikin ruwa, a bari manyan ƙwayoyi su kwanta, a tsotse na sama waɗanda ba su kai maikuron 2 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai a shafa su a gilashi su bushe a kwance, a haska su da hasken eksire sau uku. Karo na farko a bushe kawai. Karo na biyu bayan sun sha tururin wani sinadari da ake kira gilaikol. Karo na uku bayan an gasa su a zafin da ya kai digiri 500 zuwa 550. Kowane ma'adini da halinsa. Ma'adinan yumɓu faifai-faifai suke, hasken kuma yana nuna tazarar da ke tsakanin faifan da wani ƙanƙanin ma'auni da ake kira angsturom: ta ilait 10 ce, ba ta motsi ko me aka yi mata. Ta simektait tana wajen 14 zuwa 15, gilaikol yakan buɗa ta zuwa 17, wuta ta tsuke ta zuwa 10. Ta kawolinait 7 ce da ɗan ɗoriya, kuma idan wuta ta kai 550 alamarsa takan ɓace gaba ɗaya. Kilorait ma yana da alama a wajen 7, to amma shi yana jure wuta, da haka ake raba su.

Sakamakon rijiyar ya bi na maƙwabtanta. Ƙasa da iyakar, simektait da ilait ne suka mamaye, kawolinait ɗan kaɗan. A kan iyakar sai kawolinait ya yi tsalle, ya daɗe a sama, sannan ya riƙa raguwa.

Fassarar da aka yi ta zo da sauƙi. Zafi ya ƙaru, ruwan sama ya yawaita shekara duka, duwatsun Afalashiya na gabashin Amurka suka riƙa ruɓewa da sauri, sabon kawolinait ya samu a ƙasa, koguna suka kai shi teku. Fassarar ta kuma yi wa masu lissafin kabon daɗi, domin ruɓewar dutse tana cin iskar kabon, ke nan ga hanyar da duniya ta bi ta huce.

Inda lissafi ya ƙi, 2000 zuwa 2001

A shekarar 2000 Médard Thiry, masanin tsofaffin ƙasashen tudu a Faransa, ya duba lamarin ta ɓangaren da masu haƙa a teku ba su cika dubawa ba, wato inda yumɓun yake samuwa. Maganarsa ita ce ƙasa mai kaurin kawolinait ba ta samuwa dare ɗaya. Tana buƙatar abin da ya kai shekara miliyan ko fiye, a wuri mai natsuwa da ciyayi suka rufe. Kuma muddin yanayin da ya haife ta yana nan, ba ta cika zuwa teku ba, tana zaune a inda take. Sai an sami abin da ya yaye mata rufi, ko ƙasa ta ɗaga, ko yanayi ya bushe ciyayi suka ragu, sannan zaizaya take kwasarta. Ke nan ranar da kawolinait ya isa teku daban, ranar da aka haife shi daban, kuma tsakaninsu ana iya samun miliyoyin shekaru.

Wanda ya san Yamai bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Tuddan da ke kewaye da birnin suna sanye da hular marmara, ƙarƙashinta kuma akwai yumɓu mai kawolinait, duk gadon wani zamani mai laima da ya daɗe da wucewa. Ruwan da ake yi a can yanzu bai cika wuce milimita 600 a shekara ba. Amma idan Agusta ta yi, hadari ya sauke kayansa cikin sa'a ɗaya a kan ƙasar da ba rufi, koramu sukan kwaso jar laka su juye a kogin Kwara, har mutanen birnin suna bambanta jar ambaliya ta damina da baƙar ambaliya da ke isowa daga Gini a lokacin sanyi. Wanda zai tono lakar nan bayan shekara miliyan, ya bi tsohuwar ƙa'ida, zai rantse cewa kurmi ne a Yamai.

A New Jersey matsalar ta fito ƙarara. Kawolinait ya hau cikin 'yan dubban shekaru. Wannan lokacin ya yi wa sabuwar ƙasa kaɗan ƙwarai. A 2001 Birger Schmitz da abokan aikinsa, waɗanda suke aiki a Zumaya da ke arewacin Sifen, suka kawo irin wannan shakkar game da kawolinait ɗin can, suka karkata ga cewa tsoho ne zaizaya ta tono.

Tuhume-tuhume biyu da aka kawar

Kafin a ɗora wa yanayi alhakin komai, sai da aka duba wasu abubuwa biyu da sukan canza yumɓu ba ruwansu da sama.

Na farko binnewa. Idan laka ta nitse kilomita biyu ko uku, zafin cikin ƙasa yakan mai da simektait ya zama ilait, ya ɓata shaidar. Wannan shimfiɗar ba ta taɓa yin irin wannan zurfin ba, kuma ɓawon foraminifera da ke cikin yumɓun yankin yana nan garau kamar jiya ya faɗa. An wuce wannan da sauri.

Na biyu ya fi wuya. Ƙwayoyin kawolinait sun fi na simektait girma, sukan dunƙule su kwanta kusa da bakin kogi, simektait kuma ya yi nisa cikin teku. To da a ce teku ta ja baya, gaɓa ta matso kusa da wurin rijiyar, kawolinait zai ƙaru ko da yanayi bai motsa ba. Amma shaidar halittun da ke cikin lakar ta nuna akasin haka. Wurin yana ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 100 ko fiye, kuma binciken da Appy Sluijs ya jagoranta a 2008 ya nuna teku hawa ta yi a lokacin PETM. Gaɓa ta yi nisa, kawolinait kuma ya ƙaru. Dole akwai abin da ya turo shi da ƙarfi daga tudu.

Shaida daga tudu, 2005 zuwa 2009

A nan sai labari ya bar teku na ɗan lokaci. A 2005 Scott Wing ya bayyana ganyayen da suka zama dutse a kwarin Bighorn na jihar Wyoming. Girmansu da siffarsu sun nuna a farkon PETM wurin bushewa ya yi, kuma tsofaffin ƙasashen kwarin sun goyi bayan haka. A 2007 Schmitz da Victoriano Pujalte suka bayyana wata shimfiɗar tsakuwa da manyan duwatsu a gindin tsaunukan Firanis a Sifen, wadda ta bazu a fili mai faɗi daidai farkon lamarin. Kogi mai tafiya a hankali ba ya ɗaukar irin waɗannan duwatsu. Ambaliya ce mai zuwa da ƙarfi a ƙasa mai dogon rani.

A New Jersey ɗin ma an sami ƙarin bayani ta wata hanya da ba a zata ba. Yumɓun yana cike da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu. A 2003 an ce ƙurar tauraro mai wutsiya ce da ya faɗo. Da aka duba su da madubin ilektiron a 2007, sai aka ga siffar da bakteriya suke ƙerawa a jikinsu, irin bakteriyar da ke son laka mai kauri da ƙarancin iska. A 2009 Robert Kopp da abokansa suka kwatanta wurin da tekun da ke bakin kogin Amazon a yau, inda laka take zuba ba ƙaƙƙautawa. Lissafin kwanciyar lakar ma ya yi daidai da haka, domin ya ninka na kafin lamarin sau da dama, ya kai wajen santimita 10 a shekara dubu.

Duk wannan ya nuna koguna sun yi ƙarfi. Bai nuna ko kawolinait ɗin sabo ne ko tsoho ba.

Gwajin oksijin, 2012

Cédric John da James Zachos da abokan aikinsu suka koma kan sandar rijiyar da wata dabara. Oksijin yana da nau'i mai nauyi, oksijin-18, da mara nauyi, oksijin-16. Lokacin da kawolinait yake samuwa a ƙasa, yana ɗaukar oksijin daga ruwan saman da ya ratsa ta, kuma kason nau'o'in biyu da zai riƙe ya danganta da irin ruwan da zafin ranar. Da zarar ya ƙanƙame, in dai ba a dafa shi a zurfi ba, ba ya sake musaya. Yana ɗauke da hatimin zamanin da aka haife shi duk inda ruwa ya kai shi.

Sun tsara tambayar ta yadda amsa za ta iya faɗawa ko'ina. Idan kawolinait ɗin ya samu ne a cikin zafin PETM, hatiminsa zai bambanta da na kawolinait ɗin da ke ƙasa da iyakar. Idan tsoho ne, hatimin zai zauna yadda yake, yawansa ne kawai zai canza. Suka ɗebi samfur kusa da kusa, suka auna ma'adanai da oksijin a kan yumɓu guda.

Abu biyu suka fito. Na ɗaya, kawolinait ya fara hawa 'yan dubban shekaru kafin faɗuwar kabon, wato tun lamarin bai kankama ba. Na biyu, ma'aunin oksijin-18 na yumɓun ya sauka a lokacin lamarin. A kallon farko wannan kamar goyon bayan tsohuwar fassara ne. Amma da aka lissafa kason kowane ma'adini a kowane samfur, sai aka ga canjin gaurayen kaɗai ya isa ya haifar da saukar: simektait ya ragu, kawolinait ya ƙaru, ba tare da hatimin kawolinait ɗin ya motsa ba. Suka kammala da cewa zaizaya ce ta tono tsohuwar ƙasa mai kawolinait, mai yiwuwa jar ƙasar zamanin Kiretashiyos, wadda ta girmi lamarin da miliyoyin shekaru masu yawa.

Ƙidayar da ta rushe, 2013 zuwa 2016

Shekara guda bayan nan yumɓun ya sake shiga wata gardama. A wata rijiya maƙwabciya an ga shi layi-layi, kowane layi kimanin santimita 2. Masu bincike biyu suka ɗauki kowane layi a matsayin shekara guda, suka ƙirga, suka ce faɗuwar kabon ta faru cikin shekara 13. Da hakan ya tabbata, da duk lissafin lokacin da aka gina maganar kawolinait a kai ya canza.

A 2015 Paul Pearson da Ellen Thomas suka nuna layukan aikin injin haƙa ne. Yumɓu mai laushi yakan karye faifai-faifai idan bututu yana juyawa, lakar haƙa kuma ta kutsa tsakanin faifan. Yawan ɓawon foraminifera a kowane layi ma ya fi abin da teku za ta iya zubarwa a shekara. A 2016 Richard Zeebe da Andy Ridgwell da Zachos suka yi amfani da ma'aunan rijiyar maƙwabciyar, suka ce farkon lamarin bai gaza shekara 4,000 ba.

Ƙarin shaida, 2019 zuwa 2021

A 2019 wani bincike kan rijiyoyin Maryland ya gano yumɓun Marlboro yana ɗauke da tsohon kabon na halittu, wanda alamunsa suka nuna ya riga ya daɗe a binne kafin a sake tono shi. Hanyar gwajin daban ce, amsar kuwa ta zo ɗaya da ta oksijin: koguna suna cin tsofaffin shimfiɗu. A 2021 ma'aunin aisotof na litiyom daga wurare da dama ya nuna ruɓewar dutse ta ƙaru a duniya a lokacin PETM, amma zaizaya ta fi ta ƙaruwa nesa ba kusa ba.

Hukunci

Masu karatun farko ba su yi kuskuren awo ba. Kawolinait ɗin yana nan, a inda suka ce, kuma ya zo ne saboda yanayi ya canza. Inda suka zame shi ne ɗaukar taswirar Biscaye ta 1965, wadda take nuna abin da ya taru cikin dogon lokaci, su karanta lamarin 'yan dubban shekaru da ita. A irin wannan gajeren lokaci, lakar teku ta fi ba da labarin abin da ya kwaso yumɓu, ba abin da ya ƙera shi ba. Abin da rijiyar take nunawa a yanzu shi ne ruwa mai saukowa da ƙarfi a lokaci-lokaci, da koguna masu yanka ƙasa, kuma wannan hoto ne daban da na laimar shekara duka.

Gwajin 2012 ya yi aiki ne saboda ya daina ƙirga yawan ma'adinin ya tambayi asalinsa, kuma an faɗi abin da kowace fassara take hasashe kafin a auna. A ganina nauyinsa bai kai yadda wasu suke ɗora masa ba idan shi kaɗai ne. An auna gaurayen yumɓu ne, hatimin kawolinait da lissafi aka fitar da shi, kuma danganta shi da Kiretashiyos zato ne mai ƙarfi, ba awo ba. Abin da ya tsayar da shi shi ne shaidun da ba su da alaƙa da shi, tsakuwar Sifen da maganaɗisun bakteriya da tsohon kabon na Maryland, duk sun nuna gefe guda.

Hukuncin kuma na wannan gaɓar ne, ba na duniya duka ba. A North Dakota akwai wata ƙasa mai kawolinait a daidai wannan iyakar wadda take zaune a inda ta samu, ba kogin da ya ɗauko ta, kuma a can tsohuwar ƙa'idar tana da ƙafar tsayawa. A rijiyar New Jersey ɗin ma akwai giɓi: saman shimfiɗar PETM ya yanke, wani ɓangare na lokacin hucewar duniya babu shi a sandar, kuma a wannan ɓangaren ne ya fi dacewa sabon kawolinait ya bayyana idan har ya samu.